Ɗakin da Kaka Gaji Ke Juya wa Baya

A daminar nan kakata Gaji ta cika shekara talatin da biyar da rasuwa. Sunanta bai wuce lungunmu na cikin Birnin Damagaram ba, kuma na san mai karatu zai iya tambayar dalilin da zai sa in cika masa shafi da labarin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ni ma na daɗe ina jinkiri. Sai dai a bana aiki ya tsayar da ni a irin wurin da ta taɓa tsayawa, tun daga nan kuwa ta ƙi fita daga raina.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka aiko mini Yamai cewa ta rasu. Duk abin da zan faɗa game da ƙuruciyarta daga bakinta na ji shi, in na zo hutu tana ɓarar gyaɗa ina taya ta. Mai yiwuwa ne tsufa ya sa ta haɗa wata shekara da wata, mai yiwuwa kuma ni ne na haɗa. Ban samu mai gyara mini ba, domin sa'o'inta duk sun riga mu gidan gaskiya.

Lokacin da aka kawo ta Birni amarya, Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. An fara ƙidayar kawuna saboda lanho, wato haraji, ana kwasar maza aikin dole, mutane kuma sun gane cewa duk sunan da ya kai bariki, wata rana sai an biyo shi da wata buƙata.

A gidan surukarta ta tarar da ɗakin. Ɗan ɗaki ne na ƙasa, ba taga, da rumbun yumɓu a tsakiya. Kowace Alhamis da hantsi matan lungun duka sai su taru, kowace da ƙwarya rufe da faifai, su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Mai rara ta zuba gero, mai buƙata ta ɗiba, ta rufe ƙwaryarta ta fito. Wadda ba ta da abin zubawa, ba ta kuma buƙatar ɗiba, ita ma dole ta shiga ta ɗan jima, don kada a gane komai daga zuwa ko rashin zuwa. Da hannu biyu ake riƙe ƙwaryar, ko da nauyi ko babu. A bakin ƙofa ana ajiye turmi a yi ta daka, don ƙarar taɓarya ta danne ƙarar hatsi. Mai kula da ɗakin kuwa tana zaune ta juya wa ƙofa baya, tana kaɗi. Surukarta ta yi wannan zama, da ta rasu ya koma kan Gaji.

Na taɓa tambayarta, “To Kaka, in wata ta ɗiba alhali tana da shi a gida fa?”

Ta ce, “Kai dai mijina, da kai aka ba ɗakin nan da cikin rumbun za ka tare kana gadi. An ɗiba mana, na sani. Wata ta cuce mu mudu ya fi mini sauƙi da in ga matan lungu suna sunkuyar da kai in mun haɗu a rijiya.”

Sai aka yi wata shekarar fara. Ta ce farar ta sauka gero na cikin yin ido, ta bar kara tsaye. Danginmu na Gidimuni da suka saba aiko da dami, su ma suka aiko neman taimako. Fataken Kano na da hatsi a kasuwa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Kafin bazara rumbun ya kai ƙasa. Gaji ta ce tana zaune tana jin mata na shiga suna fitowa, ana daka turmin da babu komai a ciki sai ƙaiƙayi, kowa ya san ba abin ɗiba, amma ba wadda ta fasa zuwa.

Ban san ta bakin wa labarin ɗakin ya kai wa kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ba. Wata safiya dai tafinta ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce kumandan ya ji irin aikin da matan ke yi, ya yaba, kuma zai ba su gero daga ajiyar bariki. Sharaɗinsa guda ne. Duk wadda za ta ci geron sai ta je bariki da kanta, a kira sunanta da na mijinta, a zuba mata a gaban idon kumandan. Ya ce kumandan ma akwai na gaba da shi da za su tambaye shi inda hatsin ya tafi, kuma an taɓa ba wani mai unguwa buhuna, washegari aka gan su a kasuwa.

Gaji ta ce ranta ya fi karkata ga ta ƙi. Amma gidansu akwai sauran abin dafawa, domin kakana dillalin fatu ne kuma ya yi tanadi. Ta ga cewa ita da ke ƙoshe ba ita ya kamata ta ƙi a madadin wasu ba. Ta roƙi tafinta ya ba ta kwana biyu, ta ɗauki mayafi ta bi gidaje, kowace mace ta ja ta gefe ta gaya mata sharaɗin ba ragi.

Amsar da ta fi tsaya mata ita ce ta Fanna, maƙwabciyarta kuma aminiyarta, matar wani baduku. Fanna mace ce mai tsabta da ado, kullum da zanen saƙi mai kyau, kowa ya ɗauka tana cikin masu zubawa.

“Ki karɓa, Gaji,” in ji ta.

“Ke ai ba ke za ki tsaya a layi ba, shi ya sa kike saurin magana.”

“Ni ce ta farko. Tun kafin farar nan ƙwaryata ke shiga wofi. Mai gidan ya rabu da ciniki tun da idonsa ya taɓu. Ke da kike juya baya, ta yaya za ki sani?”

Mafi yawan matan abin da Fanna ta faɗa suka faɗa, sai Gaji ta aika wa tafinta cewa sun yarda. Ta yi wata dabara: ta roƙi masu hali su ma su bi layin, don a cakuɗe kamar yadda aka saba. Dabarar ba ta ci ba. Tafinta ɗan gari ne, ya san gidan kowa, ya riƙa nuna wa gardi, dogarin bariki, mata masu hali yana fitar da su daga layi. Ita ma Gaji aka fitar da ita. Suka tsaya gefe cikin rana, ba hanyar juya baya, ana kiran sunayen maƙwabtansu da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ana zuba musu gero a buɗaɗɗiyar ƙwarya.

Geron ya riƙe su har lokacin girbi. A lungun ba a binne yaro ko ɗaya saboda yunwa ba, kuma Gaji ba ta taɓa ba da labarin nan ba tare da ta faɗi wannan ba. Amma ɗakin bai sake tashi ba. Da amfani ya yi kyau aka koma taruwa ranar Alhamis, sai dai yanzu kowa ya san wa ke ɗiba. Waɗanda aka kira sunansu suka fara aiko da uzuri, masu zubawa suka fara zuwa da ƙwarya a hannu guda. Fanna ba ta ƙara taka ƙofar ba. Bayan wani lokaci ta bi mijinta Droum wurin ƴan uwansa.

“Ta rayu, ƴaƴanta sun rayu,” in ji Kaka. “Har ta bar Birni tana gaishe ni. Amma ba ta sake sa hannu a akushina ba.”

Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce in miƙo mata kwandon ɓawo. Ban sake tambaya ba.

Yanzu ni ne sakataren wata ƴar ƙungiya a Birni. Malaman lakwal ne, wato makaranta, da teloli da ƴan kasuwa, muna karo-karo duk wata, mu saya wa wasu gidaje hatsi in damina ta tsananta, mu ba wasu mata ɗan jarin ƙuli-ƙuli ko wainar sayarwa. Matanmu ke kai kayan kamar ziyara suka je. Shekarun nan buƙata ta fi ƙarfin aljihunmu, sai aka sa ni rubuta takardar neman tallafi, tunda ni ke iya faransanci irin na ofis. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ta amsa. Sharaɗinta shi ne a ba ta sunan kowace mai cin gajiya, da lambar wayarta, da hotonta tana riƙe da abin da aka ba ta.

Ba na so a ɗauka zagin masu ba da tallafi nake yi. Na zauna da wakiliyarsu, mace ce mai hankali, ita ma akwai waɗanda ke tambayarta inda kuɗi ya tafi, kuma duk mun san kayan agajin da suka ƙare a kasuwa. Da ni ne a kujerarta, wataƙila da na nemi fiye da haka. Sai dai na kasa sa hannu. Na rubuta wasiƙar ƙin karɓa na ajiye, na rubuta ta karɓa na ajiye, shugabanmu yana ta kirana a waya. Na yi ta tunanin abin da Kaka za ta ce da ta ga zamanin da fuskar mabuƙaci ke isa ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. A ƙarshe na yarda cewa ban san abin da za ta ce ba. Abin da ta yi kawai na sani. Na ce wa maiɗakina ta raka ni, muka bi gidaje.

Wasu ƙalilan suka ce a cire su, muka yi alkawarin ci gaba da riƙe su da karo-karonmu. Sauran suka yarda. Tanti Zara, mai wainar bakin masallaci, wadda ke riƙe da jikoki marayu, har dariya ta yi mini.

“Malam, hoto ne fa, ba yanka ba. Ka zo kana ta zufa kamar kai za a ɗauka. A ɗauka. Amma kada in gan shi manne a bangon ofishinku, surukina ta nan yake bi zuwa kasuwa.”

Na sa hannu, na rubuta sharaɗinta a ƙasa.

Ranar ɗaukar hoto Tanti Zara ta zo cikin leshinta na biki, ta sha ɗauri, har da kwalli. Mai hoton da aka turo, saurayi ne ɗan ƙasarmu, ya dube ta ya matso kusa da ni. Ya ce in lallashe ta ta koma ta sa kayan da take suya da su, domin in aka ga wannan hoton za a ce ba ta buƙatar komai, kuma hakan zai iya shafar kashi na biyu na kuɗin. Ba mugunta yake nufi ba, aikinsa ya sani. Matan suna tsaye a tsakar gida suna jiranmu, Tanti Zara kuma ta lura cewa maganarta ake yi, ta fara taɓa bakin ɗankwalinta.

Ni ba mai gardama ba ne, waɗanda suka san ni za su shaida. Na dai ji bakina yana cewa, a hankali, ya ɗauke ta yadda ta zo, ko ya mayar da na'urarsa jaka mu tashi. Sai ya ɗauka. Duk sauran ma yadda suka zo aka ɗauke su.

Amsa ta zo bayan wasu makonni. Sun karɓi hotunan don ajiya, ba su buga ko ɗaya a takardunsu ba. Tallafin da muka sa rai zai yi shekaru, sun ce shekara guda za su ba mu, sannan su duba. Ban san ko leshin ne ya jawo ba, ba su faɗa ba. Wasu a ƙungiyar suna ganin na yi mana asara, kuma ba zan iya rantsewa cewa ba su da gaskiya ba. In damina mai zuwa ta zo ba kuɗi, ba cikina ne zai fara ji ba. Wannan na sani, kuma yana damuna.

Da na auna abin da ya rage na Kaka Gaji, ba shi da yawa. Ba ta bar ƙungiya ba, ba ta bar suna a wata takarda ba, ɗakinta ma ya mutu tun tana da rai, da yardarta. Ba ta bar mini amsa ba, domin ina jin ita ma har ta koma ga Allah ba ta gama yanke hukunci a kan ranar bariki ba. Abin da na gada dai shi ne kada mai ƙoshi ya zaɓa wa mai yunwa, ko karɓa ko ƙi, sai ya je ya tambaye shi, ya kuma tsaya kusa da shi ranar da za a biya kuɗin zaɓin. Allah ya haskaka makwancinta, ya haɗa da Fanna.

Shekaranjiya na bi ta bakin masallaci, Tanti Zara ta tsayar da ni. Na ɗauka maganar ragin tallafin za ta yi, na fara shirya bayani. Sai ta ce in nemo mata hoton nan a wanke mata shi babba, domin tun da mijinta ya rasu ba wanda ya ɗauke ta. Ta naɗe waina a takarda ta miƙo mini. Na sa hannu a aljihu, ta harare ni, na fitar da hannun na karɓa.