Ranar da Na Rasa Wanda Zan Yi wa Albishir

Shekarun baya can, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa, ina ci-rani a wata ƙasa mai nisa da gida, ina tallar atamfa a kafaɗa tsakanin unguwar Nkembo da kasuwar Mont-Bouët. Ba a jima ba aka fara kamen baƙi marasa takardar zama. Mu huɗu ne a ɗaki, uku suka bi jirgin ruwa suka koma gida. Tawa takardar da sauran kwananta, sai na zauna, daga ni sai tabarmi huɗu.

A kwanakin ne hannuna na dama ya fara mutuwa. Yatsu su yi sanyi ƙalau, in mintsine su ban ji ba. Likita ya duba, ya yi ta zuba Faransanci, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ya ba ni takarda, ya ja layi a ƙarƙashin wata doguwar kalma: neuro-vasculaire.

Ciwon mahaifina ma daga hannu ya fara, kuma bai shekara ba. Nan take na yanke wa kaina hukunci. Mutuwar ba ta dame ni ba kamar tunanin wanda zai yi mini wanka. Har farin yadi na saya na ajiye, na daina sa sakata don kada a sha wahalar ɓalle ƙofa.

Sati biyu takardar na aljihuna. Wata Juma'a na shiga kantin magani a unguwar Nombakélé, na ji mai sayarwar tana Hausa da wata tsohuwa. Haifaffiyar garin ce, 'yar wani ɗan kasuwa. Na miƙa mata takardar, na ce ta gaya mini kwana nawa suka rage.

"Haba Kawu, wa ya ce maka mutuwa ce? Wannan ba ma sunan ciwo ba ne. Abin da ya shafi jijiyoyi iri biyu ake nufi, masu sa mutum ya ji taɓi, da masu kai jini. Tare suke bi ta gindin wuya zuwa hannu. Likita ya ce danne su ake yi. Me kake ɗauka a kafaɗa?"

"Atamfa, turmi ashirin."

"To, sauke. Kuma ka koma wajensa da tafinta."

Na fito kamar in yi tsalle. Sai na tsaya a bakin titi ina neman wanda zan gaya wa, ban samu ba. Na shiga tasi, na ce wa direban da Hausa, "Malam, ashe da sauran shan ruwana." Ya dube ni ta madubi, ya tambayi inda zan sauka.

Hannu ya warware bayan na daina talla a kafaɗa na kafa tebur. Amma har yau ba makonnin tsoron ke sosa mini rai ba, wannan tsayuwar ta bakin titi ce. Ciwon na iya riƙe shi ni kaɗai, albishir ɗin ne ya gagare ni.