Na Je Jin Kukan Kurungu a Gulbin Bunguɗu

Tsafe

Ana idar da sallar asuba na fita da sunan Allah. Ni Inna Kulu ke faɗa, jikata Hadiza ke rubutawa. Abin da ya tashe ni, ɗiyana biyu da ke wani ƙauyen bakin gulbi sun daina gaisawa. Garba ya sa wa kwalekwalensa inji yana ƙetare da mutane. Ƙanensa Isiya masunci ne. Kifi ya ƙaurace, Isiya ya ce asiri wansa ya yi masa.

A tasha direba ya ce, "Inna, gaba za ki zauna, addu'arki muke so." Kowa ya san halin hanyar nan. Aka sauke mu a shingen sojoji, aka duba, muka hau. Muka wuce duwatsun Kwatarkwashi lafiya.

Gusau

A Damba na iske Hadiza ta zo hutu. Aikinta can bakin teku, auna ƙarar manyan jirage a ƙarƙashin ruwa. Muka ci hoce da shayi, ta ɗauko wani ƙarfe kamar ƙwan agwagwa a bakin doguwar waya, ta ce da shi ake jin har kukan kifi a ruwa.

Na ce, "Kurungu dai na san yana kuka in an kama shi."

Ta ce, "A ruwa ma yana yi, Inna. Mu je ki ji."

Bunguɗu

Mota ta aje mu, babur ya ƙarasa da mu da hantsi. Na sa Garba da Isiya suka shiga kwalekwalen Garba tare da mu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. A kan gurbi mai zurfi Hadiza ta zura ƙarfen, ta sa mini abin ji a kunne. Allah mai iko! Ruwan nan da ke kwance shiru, ashe ciki gurnani ne ƙur-ƙur, kamar ana hira a zaure.

Aka sa wa Garba. Ta ce a tada inji. Sai ya fizge abin daga kunnensa yana salati. Aka kashe, ya mayar, ya daɗe yana jira.

"Kurungun sun yi shiru," in ji shi.

Hadiza ta nuna mana zanen gulbin a kwamfuta, ja ya rufe duk inda ƙarar ke kaiwa, har gurbin.

Isiya ya ce, "Ashe asirin naka fetur yake sha."

Na ce, "Rufe mini baki, kai ma ka ɗauki alhakin wanka. Garba, in ka zo nan ka kashe inji."

"Inna, fasinja za su yi ƙorafi."

"Su yi."

Ya ɗauki filafili, ya miƙa wa Isiya ɗaya. A haka suka kai mu gaɓa.

Gida

Na kwana Gusau, washegari kafin la'asar ina Tsafe. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa direban nan, ya yi wa Hadiza albarka.