Tumbin da Na Buga wa Alhaji

Alhaji ya ɗaga kwafin hotonsa da na buga masa, ya dubi asalin zanensa da mai zane ya yi, sai ya ɓata rai.

Lokacin la crise ne, wato matsin tattalin arziki, shagonsa na unguwar New Bell a Duwala ya bushe, shi ma duk ya rame. Na sha wuya kafin launin ya fito daidai, har ƙasusuwan wuyansa.

Na ce, "Alhaji, ai babu bambanci."

Ya ce, "Matsalar ke nan, Malam! Kano za a kai wa dangi. Ƙara mini kumatu da tumbi. Da gaskiya nake nema, ai ina da madubi."

Na ƙara. Tumbi na isa Kano, ƙannensa suka kwaso kaya, sai Duwala cin arziki. Yanzu Alhaji ya ce ni na jawo masa.

Jama'a, ku raba mu: laifina ne ko nasa?