Cinikin Jar Mota a Sakkwato

Ƙanena ya shekara uku yana haƙar zinare a dajin Anka kafin raminsu ya yi albarka. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gummi. Da kasonsa ya zo hannu ya gyara wa Inna ɗakinta a Adabka, ya sayi shanun huɗa, sannan ya zo ya same ni da maganar da ta daɗe a ransa. Ya ga wata jar mota a Sakkwato, gajeriya mai ƙofa biyu, irin masu gudun nan, sabuwa dal, kuma ita yake so.

Na ce masa hanyar garinmu ba ta irin wannan mota ba ce. Ya ce ya sani. Da na ga ba zai sauya ba sai na ce to mu tafi da Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda ya tsufa yana dillancin shanu a kasuwar Gummi. Baffa bai san komai game da mota ba, amma ban taɓa jin an cuce shi a ciniki ba.

A hanya ya gargaɗe mu. "In mun isa, kak ku taɓa ta, kak ku yi murmushi. Ni ka magana."

Muna shiga filin motocin ƙanena ya manta. Ya nufe ta kai tsaye, ya shafa bayanta da tafin hannu. Mai motocin, wani dattijo mai farin tabarau, yana kallonsa daga inuwa. Da ya faɗi kuɗinta sai da na dubi ƙasa.

Baffa ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Alhaji, wagga ai ko kunyar gona ba ta hayewa. Buhu nawa taka ɗauka?"

"Ba ta kaya ba ce, Malam. Ta samari ce."

Baffa ya taya rabin abin da aka faɗa. Mutumin ya ce albarka. Muka yi sallama muka fita, ƙanena yana waiwaye.

Kwana biyu muka yi a garin. Baffa bai zauna ba. Ya sha shayi da masu wankin mota na layin, ya yi sallar azahar da mai gadin filin, har ya gano cewa wani ɗan mai kuɗi ne ya sa aka kawo motar sannan ya fasa, kuma tun kafin damina take ajiye babu mai tayawa. Da muka koma a rana ta uku sai ya zauna a kan benci kamar mai jiran ruwa ya ɗauke, yana ƙara kaɗan, yana yin shiru mai tsawo. Mutumin yana saukowa. Wajen la'asar ya cire tabaransa ya goge ido, ya ce, "Na sallama. Ku ɗauka."

Ƙanena ya matse mini hannu. Farashin ya yi ƙasa da duk abin da muka zata. Amma Baffa bai miƙa hannu ba. Ya daɗe yana duban mutumin.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, nawa taz zo maka?"

Mutumin ya shiga ofis ya fito da takardu. Baffa ya ce in karanta, tunda ni ne ɗan boko. Na duba kuɗin saye da na fito da na dako, na gaya masa gaskiya: abin da aka sallama bai kai uwar kuɗin ba.

"To ba mu saye hakanga," in ji Baffa. "A mai da mishi kuɗinai, a ɗora mishi riba ko kaɗan ta."

Ƙanena ya ce, "Baffa, shi da bakinai ya sallama."

"Matsuwa ta sallama, ba shi ba. Na san ta, na gan ta ga masu saida saniya ranar da babu hatsi gida. Kai za ka shiga mota, ba ni so ka shiga da haƙƙin wani."

Haka aka yi. Ƙarin bai kai ko kusa da farashin farko ba, amma kuɗi ne da za su sayi bijimi mai kyau. Mai motocin bai yi dogon godiya ba. Ya riƙe hannun Baffa da hannu biyu, ya sa aka cika mana tanki.

Kujeru biyu ne kawai a motar, don haka Baffa ya bi motar haya. Ni na zauna kusa da ƙanena, ledar kujera tana ƙara a ƙarƙashina. Muka yi nisa a hanya. Can ya ce, "Yaya, shi Baffa bai taɓa shiga rami ba. Bai san yadda ƙasa ka zubo ma mutum bisa kai ba." Gaskiya ya faɗa. Kuɗin nan da numfashinsa ya haƙo su, kuma ba a tambaye shi ba kafin a yi kyauta da su.

Na sha juya wannan rana a raina. Wani lokaci in ga Baffa ya yi daidai, wani lokaci in ga ya yi adalcinsa ne da aljihun wani. Abin da na tabbata shi ne ba don a yabe shi ya yi ba, domin bai taɓa tayar da zancen a gaban kowa ba.

Motar a ƙofar gidana ta zauna a Gummi, saboda ba ta iya shiga Adabka. Ƙanena kan zo a babur ranar Juma'a, ya wanke ta, ya hau kwalta da ita zuwa Anka ya dawo. Ya yi wata biyu ba ya zuwa gaida Baffa, har sai da Inna ta aika aka kira shi ta yi masa faɗa. Ya je, suka gaisa, suka yi hirar farashin gero.