Ƙiryar da Lawwali Ya Ƙi Sarewa

Lawwali masassaƙin turmi ne a Achida, gadon ubansa. Da ƙirya suke aiki, har masassaƙa da masu gawayi suka ƙarar da ita. Guda ta rage a gonarsa, tsohuwa mai kogo cike da jemagu.

Da icce ya yi wuya, ƙanensa Abdulmutalib ya wasa gatari. Lawwali ya leƙa kogon, ya ga jemagu rungume da 'ya'yansu, ya ce, "In mun sare ta, mi ya rage musu?"

"To mu fa, Yaya?"

Duk da haka Lawwali ya hana a taɓa ta. Ya rataye gizago, ya koma noman albasa da furfurarsa. Ban ruwa ya cinye masa baya, bai taɓa kuka da kowa ba.