Surfaffen Gero a Bakin Taga

Labarin rasuwar Inna ya same ni a Guangzhou bayan an yi kusan mako uku da binne ta. Wani Alhaji ɗan unguwarmu, mai zuwa sarin tufafi a kasuwar Shahe, shi ya kawo wasiƙar. Ya miƙo mini ita a harabar Masallacin Huaisheng bayan an sallame Juma'a, ya riƙe hannuna bai saki ba har na kai ƙarshen takardar. Yayata ce ta rubuta. Ta ce sun ƙi bugo waya makaranta ne don kada su ruɗa ni ina tsakiyar jarrabawa.

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun injiniya, ƙarshen shekarun casa'in ke nan. Ana gyaran ɗakunan kwanan ɗalibai, sai makaranta ta kama mini ɗaki a hawa na huɗu na wani tsohon bene a bayan titin Huanshi Lu. Na koma ɗakin nan na zauna, na rasa abin yi. A gida an yi zaman makoki, an yi sadaka, an raba gumba da waina har makwabtan makwabta. Ni kuwa ba ni da wanda zan miƙa wa ko ƙwayar dabino. Mutanen benen ban san kowa ba, kuma ni mutum ne da gaisuwa ma sai na shirya ta a zuci kafin in furta.

Sai na tuna da wani abu da Inna take yi kullum. In ta idar da sallar asuba, takan ɗebi gero tafi guda ta watsa a gindin katanga, ta ce sadakar iyayenta ce. Ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da abincin gidan ya yi wuya. Na ƙudura cewa wannan zan ci gaba da yi mata.

A wata kasuwa da ake sayar da tsuntsayen keji na sayo abincinsu, gauraye: shinkafa shanshera, da gero mai ɓawo, da wasu baƙaƙen iri da mutanen garin suke ɓarewa da haƙori. Tagata tana da ɗan dakali na siminti a waje, faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Nan nake zubawa. Kwana huɗu ba abin da ya sauka. Ran na biyar gwara biyu suka zo, daga nan suka yi ta ƙaruwa, har da kurciyoyi masu ɗigo-ɗigo a wuya. Nakan ja kujera baya, in buɗe littafi a cinya, in yi kamar ina karatu.

Abin da ban lura da shi ba shi ne inda ɓawon yake zuwa. Gwara ba ta haɗiye ƙwaya da ɓawonta, sai ta ɓare ta tofar. A ƙarƙashina, hawa na uku, akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Popo, wato kaka. Lokacin sanyi ne, iska a bushe, ita kuma ta jera faya-fayan gora a bakin tagarta tana shanya ɓawon lemo, wanda suke adanawa shekara da shekaru don miya da magani. Wata safiya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da faifai a hannu. Ɓawon lemon nan duk ƙaiƙayi ya manne masa. Ta yi magana mai tsawo da harshen mutanen yankin, na Kanton, ni kuwa Sinancin makaranta kawai na koya, don haka ban tsinci ko kalma uku ba. Amma yatsanta ya isa bayani: ta nuna faifan, ta nuna tagata, ta nuna ƙasa inda mai benen yake zaune. Na yi ta sunkuyar da kai ina ba da haƙuri.

Na san in maganar ta kai ga mai bene, hana ni zai yi, kuma ba zan iya yi masa musu ba. Dole in samo abin da tsuntsu zai cinye tas, ba ɓawo, ba saura. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a kan dakalin, na danne da duwatsu, kullum in zuba iri ɗaya, da yamma in duba abin da ya rage. Farar shinkafa suna ci amma suna barbazar da rabi. Ɓarzajjiyar masara kurciya kaɗai ke so. Daga ƙarshe na je shagon wani mai hatsi, na ce masa ina neman abin da ba shi da ɓawo.

"Na mutum ko na tsuntsu?" ya tambaye ni.

"Na tsuntsu, lawban," na ce, wato maigida.

"Meyo," ya ce, wato babu. "Na tsuntsu duk da ɓawo yake." Sai ya nuna mini wani buhu. Gero ne rawaya, ƙanana, surfaffe tsaf, wanda suke dama kunu da shi. Ya yi dariya ya ce tsuntsayena sun fi shi gata.

Geron nan ya yi. Na haɗa shi da 'yar dakakkiyar gyaɗa, na samo tire mai baki na ɗaure a dakalin. Da yamma in na duba, ba abin da zan share. Bayan mako guda na gamu da Popo a matakala, ta dube ni ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ranar na ci abinci da daɗi.

Daga nan na yi abin da duk ɗan gidanmu zai yi. A wurinmu in ka sami hatsi mai kyau, na shekara kake saye ka ajiye, hankalinka ya kwanta. Haka na tashi na ga ana yi. Na koma na sayo buhu guda na geron da ƙullin gyaɗa babba, na ɗauko a kafaɗa har hawa na huɗu, na jingine a lungun ɗaki. Mai shagon ya yi mini wata magana yana girgiza kai, na ɗauka tsokanar da ya saba ce.

Da bazarar garin ta shigo sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba ruwan sama ake yi ba, amma bango yana zufa. Madubi ya yi hazo, matakala ta jiƙe, rigar da na wanke ta kwana uku ba ta bushe ba. Takalmina na fata ya yi kore. Wata safiya na kwance bakin buhun, wani wari-wari ya bugo ni, na ga geron ya ɗan dunƙule, gyaɗar kuma ta yi fari-fari.

Ban ga abin tsoro ba. A gida in hatsi ya sha laima, shanya shi ake yi, a sheƙe, a ci. Zubar da hatsi kuwa abin kunya ne, Inna ko ƙwayar da ta faɗi a tsakar gida sai ta tsince. Na jira ranar da rana ta ɗan leƙo, na baza shi a kan jarida, na murje dunƙulen da tafin hannu, na bakace. Ya koma rawaya kamar da. Na sansana, warin ya ragu. Na ci gaba da zubawa kowace asuba, ina yi wa Inna addu'a a kai.

Wajen kwana goma bayan haka na lura wata gwara ta zauna a bakin tiren ta kumbura gashi, ba ta ci, ba ta tashi ko da na motsa labule. Na ce sanyi ne. Kashegari Popo ta hawo. Wannan karon jarida ce a naɗe a hannunta. Ta buɗe a kan teburina. Gwara uku ne da kurciya ɗaya, ƙafafunsu a ƙanƙame. A bakin tagarta ta tsince su.

Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗakin ba tare da na ce ta shigo ba, ta nufi buhun, ta tura hannu can ƙasa ta ɗebo. Na ƙasan ya yi toka-toka, yana da zare-zare kamar yanar gizo. Ta kai hancina. Sannan ta dunƙule hannu ɗaya ta nuna mini, ta ɗaga yatsu uku, ta nuna hanyar kasuwa. Na gane: kaɗan ake saye, na kwana uku. Ta ɗauko ƙwayar shanshera ɗaya da ta maƙale a ramin taga tun watannin baya, ta ɓare da farce. Cikinta fari ƙal, ba abin da ya same shi. Ɓawon da na sha wahalar rabuwa da shi, shi ne yake tsare ƙwayar.

Mu biyu muka ɗaure buhun cikin leda biyu don kada wani abu mai rai ya kai gare shi, na sauke shi wurin shara. Tsuntsayen kuma na rasa inda zan sa su, ko'ina siminti ne. Sai da na yi tafiya har bakin wani magudanar ruwa, na tona gindin bishiya da cokali.

Ranar Juma'a na tarar Alhaji ya sake shigowa gari. Muna saka takalma na ba shi labari, muryata ƙasa-ƙasa.

"Kai ɗan boko," ya ce, "duk littattafan nan ba wanda ya gaya maka garin nan ko ƙarfe ruɓewa yake yi? Ni da na bar dilar shadda wata biyu a sito, da na buɗe sai da na nemi wurin zama."

"Alhaji, sadaka ce fa. Da sunanta nake zubawa."

Ya daina murmushi. Ya gyara hularsa.

"To ai ba da gangan ka yi ba. Allah niyyarka Yake dubawa. Ka yi istigfari, ka ci gaba."

"Huɗu na gani. Ban san nawa suka je suka faɗi a wani wuri ba."

"Wannan kuma ba za ka taɓa sani ba, ɗana. Taho mu je ka ci abinci, duk ka zabge."

Na bi shi, na ci abin da na iya. A ɗakin karatu na makaranta na nemo littafi a kan cututtukan hatsi, na karanta babin fumfuna tun daga farko har ƙarshe, na ga gyaɗar ce ma ta fi muni. Sanin bai rage mini komai ba.

Na wanke tiren da ruwan zafi, na bar shi mako biyu ba komai a ciki. Tsuntsayen suna zuwa da asuba, su sauka, su dudduba, su tashi. Ina jin ƙarar faratansu a kan ƙarfen ina kwance. Daga baya na koma shagon, na sayi cikin tafi biyu a ƙunshin takarda, kuma haka na riƙa yi duk bayan kwana uku har na bar benen. Kafin in zuba sai na tauna 'yan ƙwayoyi da kaina. Suna zuwa, amma ba su ƙara yin yawan da ba. Addu'ar kuma na mayar da ita kan sallaya, in gama ta can kafin in buɗe taga, don na kasa sake ambaton Inna a kan tiren nan.