Na Ji Kunyar Faɗin Sunan Maganin Mijina

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake waɗanda suka san ni za su gane ni ko ba suna. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai baki, ba na shakkar kowa. Duk matar da ta zauna a benenmu na Jurf, nan Madina, ta san ba a taka ni in yi shiru. Mai kanti ya cuce ni a awo, sai ya ji Larabcin da bai taɓa ji ba. 'Yar Zariya ce ni, aure ya kawo ni ƙasar nan. Mijina injiniya ne, ya daɗe yana aiki a matatar mai ta Yanbu, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Mutum ne mai sanyi, idan ina faɗa sai ya yi ta murmushi har in gaji in yi shiru don kaina.

Ciwon nasa ya fara ne da haki. Ya hau bene kaɗan sai ya tsaya ya dafa bango, ni kuwa ina tsokanarsa ina cewa shinkafar kabsa ta Yanbu ce ta yi masa nauyi. Da ƙafafunsa suka fara kumbura dariya ta ƙare. Bayan gwaje-gwajen da suka kusa gama da mu, aka ce hawan jinin huhu ne, wato jijiyoyin da ke kai jini huhu sun matse, zuciya tana turawa da ƙyar. Aka dawo da shi aikin ofis a Madina, aka ɗora shi a kan wani magani mai suna sildenafil, safe da rana da dare. Likitarsa wata Bamisriya ce mai faɗa kamar ni. Ranar da ta rubuta maganin ta sa na matso kusa, ta ce ni ma in saurara. Ta ce kada ya daina sha da kansa ko ya ji sauƙi, kada ya ƙara wani magani sai ya tambaya, ko na gargajiya ne. Sannan ta buga tebur da tafin hannu ta ce akwai guda ɗaya da ba ta so ma ya kusanci bakinsa, ƙwayar nan da masu ciwon ƙirji suke sakawa a ƙarƙashin harshe, ko wadda ake fesawa. Ta ce idan suka haɗu a jiki, jini zai faɗi warwas, mutum yana iya tafiya kafin a kai shi asibiti. Na ji da kunnena, na kuma gyaɗa kai.

Abin da ban sani ba, ashe maganin nan shi ne dai wanda ake sayarwa da sunan maganin ƙarfin maza. Wata maƙwabciyarmu 'yar Chadi ce ta ganar da ni. Ta shigo yi mini lalle, ta ga kwalin a kan firji, ta juya shi ta karanta, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ɗanta yana aiki a kantin magani, ta san sunan. Ta ce lallai ina shan aiki, sau uku a rana! Ban ji zafi ba sai da muka haɗu a wani taron suna a unguwar Al-Sih, na ga mata suna ƙyafta wa juna ido, wata ta ce in taimaka in gaya mata inda maigida yake saye. Na mayar musu da baƙar magana kamar yadda na saba, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina dawowa gida na ɓare ƙwayoyin duka na zuba a wani ƙaramin gwangwanin alawa, na yayyaga kwalayen na tura can ƙasan shara. Na ce wa mijina daga yau sunansa maganin huhu, kada in sake jin wancan sunan a gidan nan. Ya ce magani ai magani ne, mene ne abin kunya a ciki? Na ce shi ba ya zuwa suna, bai san bakin mata ba. Ya yi murmushinsa ya ƙyale ni.

Ana nan sai mahaifina ya zo Umara, ya sauka a wurinmu. Baba tsohon hedimasta ne, mutum mai kwarjini, har yau ban iya haɗa ido da shi. Yana da ciwon zuciya, kuma kullum akwai wata 'yar kwalba ruwan ƙasa a aljihun gaban rigarsa. Tsakaninsa da mijina kuwa kunya ce irin ta da. Mijina ba ya cin abinci a gabansa, ba ya zama a kujera idan Baba yana falo, gaisuwa ma sai ya durƙusa. Mun gaya wa Baba cewa yana fama da huhu, ba mu ƙara komai a kai ba.

Ranar da abin ya faru sun je ziyara Uhudu, suka biya kasuwa Baba ya sayi dabinon tsaraba. Suka dawo bayan la'asar suka tarar na'urar hawa bene ta tsaya, mu kuwa a hawa na uku muke. Mutumin da aka hana ɗaukar kaya mai nauyi, shi ya rungumo katan ɗin dabino ya hau da shi, wai ba zai bar surukinsa da kaya ba. Yana shigowa ya zube a kan kafet yana numfashi sama-sama, hannunsa a ƙirji. Na fito daga kicin da tiren gahawa na tarar Baba ya sunkuya a kansa yana tambayarsa ko ƙirjin ne ke matse shi. Mijina ya ce e, amma zai wuce. Sai na ga hannun Baba ya tafi aljihu. Ya fito da kwalbar nan, ya karkata ta, wata 'yar mitsitsiyar farar ƙwaya ta faɗo tafin hannunsa. Ya ce ya saka a ƙarƙashin harshe, shi da kansa ya sha ganin amfaninta, yanzu ƙirjin zai saki.

Na ga hannun likitar nan yana dukan tebur kamar a gabana take. Mijina ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya bari, an ce kada ya haɗa magunguna. Baba ya ce wane magani yake sha? Mijina ya ɗago ya dube ni. Ni na hana shi faɗin sunan, kuma ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa surukinsa irin wannan suna ba, don haka ni yake jira. Ni kuwa na dubi furfurar Baba, na tuna dariyar matan nan, harshena ya yi nauyi. Na ji bakina yana cewa maganin huhu ne kawai. Har na yaudari kaina cewa ƙwaya ƙarama haka me za ta yi, wataƙila likitar tsoratarwa ce kawai. Baba ya ce to ai wannan na zuciya ne, ba ruwansa da huhu, ya karɓa mana, hannunsa ya gaji. Mijina ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya, ya saka.

Ban gama zuba gahawar ba ya ce kansa yana juyawa. Ya yunƙura zai tashi, sai ya tafi gaba ɗaya ya faɗi ta gefe. Gumi ya karyo masa kamar an watsa masa ruwa, fuskarsa ta koma toka-toka, idanunsa suka juye. Na saki tiren. Na kama hannunsa na ji shi sanyi ƙalau, na laluba wuyansa ban ji komai ba sai wani ɗan motsi can ƙasa. Na kira sunansa, sunan da ban taɓa faɗa a gaban Baba ba, bai amsa ba. Baba yana ta salati yana jijjiga shi, har yana ƙoƙarin buɗe kwalbar ya ƙara masa wata. Na fizge ta daga hannun mahaifina na yi jifa da ita. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, lambar motar asibiti ma sai da na danna ta na sake dannawa.

Mutumin da ya ɗauki wayar ya tambaye ni abin da ya sha. A lokacin ihuna ya tara maƙwabta a bakin ƙofa, har da mai lallen nan. Na faɗi sunan maganin da ƙarfi, na maimaita, na faɗi sunan da kowa ya san shi da shi, da Larabci da Hausa, har matattakala ta amsa. Na ce kuma an saka masa ƙwayar ƙarƙashin harshe. Muryar mutumin ta canja nan take. Ya ce in duba bakinsa in cire abin da ya rage, kada a ba shi ruwa, kada a zaunar da shi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa sama. Na sa yatsa na kwashe ɗan farin garin da ya saura. Kafin in nemo matashi, Baba ya durƙusa, ya ɗauki ƙafafun surukinsa ya ɗora a kafaɗunsa. Haka ya zauna, tsoho mai ciwon zuciya, hula ta faɗi, hawaye yana bin gemunsa, har ma'aikatan motar asibiti suka hauro da gadonsu.

A asibiti aka shige da shi ɗakin masu tsananin jinya aka rufe ƙofa. Likitarsa ta zo, ta tsaya a gabana ta ce ba ta gaya mini ba? Na ce ta gaya mini. Ta juya ta tafi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muna zaune a baranda sai na ga Baba ya dafe nasa ƙirjin yana cije leɓe. Maƙwabciyar nan ta tsinto kwalbar ta biyo mu da ita, na miƙa masa, ya kawar da kai. Ya ce ba zai sake saka abin da ya kashe ɗan mutane a bakinsa ba. Wayyo Allah, miji a ciki, uba a waje! Na durƙusa ina roƙonsa, ya ƙi. Sai da likitar ta dawo ta zauna kusa da shi, ina fassara, ta tabbatar ba ya shan irin maganin mijina, ta ce masa ƙwayarsa ba guba ba ce, a jikinsa ita ce mai ceto, a jikin surukinsa ne ta haɗu da abin da ba sa jituwa. Sannan ya karɓa, aka kuma duba shi.

Allah ya yi da sauran kwana, mijina ya farfaɗo. Amma faɗuwar jinin ta taɓa masa ƙoda, zuciyar da dama a gajiye take ta ƙara rauni. Mun bar hawa na uku mun koma ƙasa. Masallacin unguwa da yake takawa a ƙafa, yanzu sai an kai shi a mota. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun nasa ya fi duka ciwo.

Baba bai yi mini maganar ba sai ranar da zai koma gida. Ya kira ni, ya ce in ɗago in dube shi. Ya ce shekarunsa nawa yana koyar da 'ya'yan mutane, wane suna ne bai taɓa ji ba? Ya ce da na faɗa, iyakaci ya sunkuyar da kai ya mayar da kwalbarsa aljihu. Amma na bar shi ya miƙa wa surukinsa ajali da hannunsa, ana yi masa godiya. Ya ce ya yafe mini, sai dai shi bai yafe wa hannun nan nasa ba, kuma bai san ranar da zai yafe ba.

Shi ya sa na rubuto. Mu mutane ne masu son taimako, kowa da magani a jaka, kowa likitan ɗan'uwansa ne, balle lokacin Umara da gidajenmu ke cika da tsofaffi. Don Allah kada ka miƙa wa wani maganinka don ciwonku ya yi kama, ba ka san abin da ke cikin jininsa ba. Mai shan maganin hawan jinin huhu, mace ko namiji, ya bar shi a kwalinsa, ya sanar da mutanen gidansa sunansa na gaskiya, ya faɗa wa duk likita ko mai kantin magani kafin a ba shi wani abu. Idan ƙirji ya matsa, a kira motar asibiti, a fara da faɗin sunan maganin. Masu dariya kuma su ji tsoron Allah, maƙwabciyata har yau ba ta iya haɗa ido da ni.

Yanzu kwalin maganin ya dawo kan firji, sunan yana kallon ƙofa. Duk baƙon da ya shigo ya ɗauka ya karanta, ni nake fara yi masa bayani, ko surukin wane ne. Wani lokaci ina cikin bayanin sai in jiyo mijina daga ɗaki yana jan numfashi, ya tashi daga gado zuwa bakin ƙofa kawai.